Ƙaryar Kwatan Tanki

"Yanzu fa? Me ta ce?"

"Ban taɓa ba tukuna, Egon! Ka bari mutum ya nemo wayar mana."

Rabin jikina na cikin but ɗin motarsa, gwiwoyina a kan simintin gareji, ina laluben wata 'yar waya da yatsun da sanyi ya riga ya ƙandarar. Shi kuwa yana zaune a kujerar kicin da muka fito masa da ita, bargo biyu a cinya, robar iska a hanci, yana ba ni umarni, ni maƙwabciyarsa, kamar shi ya haife ni. Matarsa Tove ce a sitiyari, ta murɗa makulli ta zuba wa gejin mai ido.

Na zare wayar daga saman tanki na dangwala ta a jikin ƙarfen motar.

"Ta tashi!" in ji Tove. "Allurar ta haura har ƙarshe."

"To geji lafiyarsa ƙalau, waya ma haka," Egon ya ce, ya tsaya ya ja numfashi. "Maƙaryacin yana cikin tanki. Gurli, buɗe shi."

"Buɗe shi, wai. Kamar gwangwanin kifi."

Shekara talatin na yi ina jan taraktar wasiƙu tsakanin tsibirinmu da tudu, saboda haka ba wanda zai koya mini hanyar nan. Kilomita shida ce ta tsakuwa, sau biyu a rana teku ta janye ta ba mu aronta, sau biyu ta dawo ta karɓi abarta. Wanda mai ya ƙare masa a tsakiyarta sai dai a ce Allah ya kiyaye.

Abin da ya sami Tove ke nan mako uku kafin wannan rana. Ta dawo daga duba Egon a asibiti, ita kaɗai, allura na nuna kwatan tanki, mota ta yi tari biyu ta mutu. Ruwa ya kai mata ƙauri kafin wani makiyayin tumaki ya hango ta ya je da tarakta. Mace mai shekara saba'in da huɗu! 'Yarsu Lisbet ta bugo waya daga birnin Aarhus tana kuka tana faɗa a lokaci guda, ta yanke hukunci: ranar da babanta ya rasu za a sayar da motar, uwarta ta koma zaman bene kusa da ita. Ita kuwa Tove ba ta iya tuƙa kowace mota ba sai wannan tsohuwar, wadda ta koya a cikinta tun tana amarya. Sau ɗaya ta gwada sabuwa, ta hau furannin gidan fasto. A nan kuma in ba ki da mota ba ki da zama, don ko magani sai an haye.

Kowa ya san Egon na hanya. Asibiti ba sallamar warkewa suka yi masa ba. Da ƙyar ya samu Lisbet ta ce to, in gejin ya koma faɗin gaskiya za ta sake tunani. Wannan 'yar kalmar ya riƙe da hannu biyu.

Sukuru shida ne suka riƙe murfin da ke saman tankin, kuma iskar gishiri ta shekara da shekaru ta mai da su tsatsa zalla. Kwana uku na yi a kansu. In zuba mai, in jira, in buga kaɗan, in zagi wanda ya ƙera su. Egon na ƙirga mini daga kujera.

"Biyu ke nan. Da ni ne da tuni an gama."

"Da kai ne ai shekara arba'in aka ba ka, me ka yi?"

Tove takan kawo mana gahawa da baƙin burodi da kifi. Egon ya gutsura sau ɗaya don kada ta yi magana, ya ajiye. A rana ta biyu, da ta koma ciki, na tambaye shi abin da ke cina.

"Kai ka san kwatan nan ƙarya ce?"

"Kowa ya sani."

"Wane kowa?"

Ya gyara bargonsa. "Ni da motar," ya ce. "Ni nake zuba mai kullum, Gurli. Ban taɓa barinta ta sauka ƙasa da rabi ba. Ban zaci za a yi ranar da ba ni ke zubawa ba."

Na so in wanke shi tas, wallahi na so. Amma da na ga yadda wuyan rigarsa ya yi masa yawa sai na haɗiye, na koma kan sukuruna.

Na ƙarshen ya saki ranar Alhamis da hantsi. Na ɗaga murfin a hankali na zaro abin da ke ciki: ɗan siririn hannun ƙarfe, wanda ya kamata a ce a bakinsa akwai 'yar gwangwanin tagulla mai iyo a kan mai, in mai ya sauka ta sauka, allura ta bi ta. Babu gwangwani. Abin da ke wurin wani ƙaton guntun icce ne mara nauyi, irin wanda ake ɗaure wa taru don kada ya nutse, an shafe shi da fenti an naɗe da wayar kamun kifi.

"Tabɗi," na ce. "Egon, mene ne wannan?"

Ya miƙo hannu na ba shi. Ya juya shi, ya juya, sai dariya ta kama shi, dariyar ta koma tari har sai da Tove ta fito a guje tana goge hannu.

"Hunturun da ƙanƙara ta rufe mana hanya mako biyar," ya ce da ya samu kansa. "Lisbet na jaririya. Ta tagullar ta huje ta nutse. Na yanko wannan daga tarun babana, na ce zuwa bazara in sayi ta gaske."

"Wace bazarar?" na ce.

Ba sai an yi wa kowa bayani ba. Iccen ya yi kauri da yawa, yana taɓa ƙasan tanki ya zauna daram alhali hannun bai gama sauka ba, allura ta tsaya a kwata tana ta alkawarin man da babu shi. Tove ba ta yi dariya ba. Ta karɓi iccen ta duba, ta ajiye shi a kan benci, ta kwashe kofuna ta shige.

Sabuwar gwangwanin ta iso bayan kwana biyar, kuma a cikin kwana biyar ɗin Egon ya daina iya fitowa gareji. Aka juya masa gado ya fuskanci tagar da ke kallon tsakar gida. Na kai masa ita ya gani, tana sheƙi a tafin hannunsa. Ya yafito ni in matso.

"Za ki lanƙwasa hannun ƙarfen ki daidaita, ko?"

"Ai shi ne sauran aikin."

"To ki lanƙwasa shi yadda allura za ta faɗi ƙasa tun da sauran lita biyar a ciki. Kada ki gaya mata. In ta zaci ya ƙare, tana da na isa gida."

Ban ga laifin shawarar ba, gaskiya. Har na buɗe baki zan ce to, sai muka ji muryar Tove daga bakin ƙofa. Tana riƙe da kwanon ruwan ɗumi da tawul.

"A'a."

"Tove, don ke ne..."

"Kullum don ni ne. Motar nan ta yi shekara arba'in tana yi mini ƙarya kana sane, don ni. Likita ya gaya maka abin da ke jikinka tun bazara, ka yi wata takwas kana ce mini tsufa ne, don ni." Ta ajiye kwanon a kan tebur har ruwan ya fantsama. "Ni ba yarinya ba ce, Egon. In saura lita biyar, ta ce mini lita biyar. In babu, ta ce babu. Ni zan san yadda zan yi."

Ni dai na rasa inda zan sa idona, na kama gyaran labulen da ba abin da ya same shi. Egon ya juyo ya dube ni. Ya ce, "Gurli, kin ji mai motar."

Tove ta zauna a bakin gado ta matse tawul ta fara goge masa wuya.

Ranar Juma'a muka turo motar tsakar gida, ƙarƙashin tagarsa, muka buɗe tagar ko da yake iska na kaɗawa. Na zuƙe tankin da tiyo har ya bushe ƙarƙaf. Lita arba'in yake ci. Ina zuba biyar-biyar da jarka, Tove a sitiyari tana kiran abin da ta gani da ƙarfi don ya ji.

"Lita goma! Ta wuce kwata kaɗan!"

"Ƙara lanƙwasawa ƙasa..." muryarsa ta fito kamar daga cikin rijiya. "A'a, sama. Kaɗan."

"Ka tsai da magana ɗaya, tsohon nan!"

Na sake zuƙewa, na sake buɗewa, na lanƙwasa, na mayar. Sau uku muka yi haka. Bakina ya cika da ɗanɗanon fetur, bayana ya riƙe, na rantse ba zan sake taɓa motar kowa ba har in mutu. A karo na huɗu Tove ta ce, "Babu komai, tana ƙasa." Na zuba goma. "Kwata. Daidai kan layin." Na zuba goma. "Rabi!" Ba ta fasa kira ba har muka kai arba'in allura ta tsaya a cike.

Muka ɗaga kai muna kallon tagar.

"To," in ji Egon. Iyakar abin da ya ce ke nan.

Ya rasu ranar Lahadi da safe, lokacin ruwa ya rufe hanya, nas ɗinsa na can tudu tana jiran ya janye. Tove ta ƙwanƙwasa mini ƙofa da silifas ɗin ɗaki a ƙafarta.

"Gurli, zo ki taya ni buɗe masa taga. Ta cije."

Na je. Muka tura tagar tare har ta buɗe, kamar yadda ake yi wa wanda ya tafi don ya samu hanyar fita. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba, kuka mai majina, na mutumin da muka yi shekara arba'in muna musu ta kan shinge. Tove ta gyara masa gashi da yatsunta, ta cire masa robar iskar, ta naɗe ta ta ajiye.

Lisbet za ta sauka daga jirgin ƙasa a garin Ribe, can tudu, ƙarfe biyu. Na ce zan je in ɗauko ta da tarakta.

"Ni zan je," in ji Tove. "Ɗauko tiyonki ki zuƙe mini tankin, ki bar shi a kwata."

"Kin haukace ne? Yau? A cike yake, ki tafi da shi a haka mana!"

"A cike ai ko da can ba ta taɓa mutuwa ba. Lisbet za ta zauna a gefena, ta ga allura a kwata da idonta, ta ga mun haye. In ba haka ba kafin a binne shi ta fara ɗaure mini kwanuka a kwali. Ke kin san 'yata."

Na san 'yarta, kuma na san lita goma ta ishe ta zuwa da dawowa har da saura, in dai aikinmu ya yi. Amma sani daban, zuciya daban. Na zuƙe mata lita talatin ina ta mita. Da ta shiga sa riga na cika jarka ɗaya na tura ta can ƙuryar but, na rufa mata tsumma.

Ta fito da baƙar rigar sanyinta da jaka a hannu. Ta zagaya bayan motar kai tsaye, ta buɗe but, ta ciro jarkar da hannu biyu tana nishi, ta dire mini ita a gaban ƙafata. Ta shiga ta tayar.

Na ɗauki jarkar na bi ta a ƙafa har kan ganuwar da ke tare mana teku. Kafin in hau ta riga ta yi nisa a kan jiƙaƙƙiyar tsakuwa, tana tafiya a hankali tsakanin sandunan alama, har ta ɓace mini. Na zauna a kan jarkar. Nas ta wuce ni ta ɗaga mini hannu. Fasto ya wuce. Wani ya ce in zo in sha gahawa, na ce ya ƙyale ni.

Awa biyu da rabi na yi a wurin. Ruwa ya fara sheƙi a ƙananan kwaruruka can gefen hanya lokacin da na hango ɗan ɗigo daga tudu. Na miƙe tsaye. Ɗigon ya girma, ya zama mota, tana tahowa ba sauri ba tsayawa, tayoyinta na fasa 'yan kududdufai. Da ta fara hawan ganuwa na ga kawuna biyu a ciki. Lisbet ta sunkuyo ta gefen uwarta, fuskarta a kumbure, idonta a kan geji. Tove kuwa, hannu biyu a sitiyari, hanya kawai take kallo.