Gwaggo Baraka a Langkawi

Da Jawahir ta gama jami'a, ta ce tana so ta ga wani tekun da ba na Jidda ba. Mahaifinta Dauda, mai shagon turare a unguwar Zahir ta Makka, ya daɗe yana cewa a'a, don a ganinsa duk abin kallon duniya yana tsakanin Makka da Ɗa'if. Daga baya ya yarda, amma sai dai ƙasar Musulmi, kuma da rakiyar yayarsa, Gwaggo Baraka, wadda ta tsufa tana kula da gidan alhazai a unguwar Jarwal. Ya tabbata idan tana wurin ko ƙuda ba zai sauka a kan 'yarsa ba.

Jawahir ta zaɓi tsibirin Langkawi a Malesiya, ta kama masaukin da ya fi kowane arha. Hotunansa sun nuna itatuwan kwakwa da farin yashi, babu ko mutum ɗaya. Sai da suka isa ta gane dalili: da sassafe aka ɗauke su, lokacin duk mutanen gidan suna kwance kamar an zubar da su. Masauki ne na matasan Turawa masu jakar goyo, gadaje sama da ƙasa, ɗakin mata kuma daidai saman wurin kiɗa.

Washegari Jawahir ta tashi idanunta jawur. Gwaggo kuwa ta yi sallah, ta koma ta kwanta, ta yi minshari har rana ta fito.

"Gwaggo, kin iya barci a wannan hayaniyar?"

"Wace hayaniya? Ni da alhazai suke jan akwati a kaina su yi faɗa a kan banɗaki? Waɗannan ai ko faɗa ba su iya ba."

Gwaggo ta sauka kicin ɗin da kowa yake amfani da shi, ta tarar da samari da 'yan mata kowa ya riƙe kai. Ba ta tambayi abin da suka sha ba, hancinta ya gaya mata. Ta ɗora shayi ta zuba citta da kanumfarin da ta zo da su a ƙullin leda, ta bi su ɗaya bayan ɗaya da kofi. Ba ta jin Turanci, su ba sa jin Hausa ko Larabci, amma da ta nuna tulin kwanuka da yatsa ta ce "Yalla," sai ga su a bakin famfo. Wani dogo mai suna Tobiyas, wanda ta kama yana shan nonon da Jawahir ta ajiye a firji, shi ya zama mai ɗaukar wa Gwaggo jaka har suka bar garin.

Jawahir ce ta sha wahala. Yashi a gado, takalmin wata a kan sallayarta, ruwan wanka ya ƙare kafin layi ya zo kanta. Ta roƙi su koma otal.

"A otal wa zai yi min hira? Bango?" in ji Gwaggo.

Ita ma Jawahir ba za ta ce asara kawai ta yi ba. Saboda yawansu, su da 'yan masaukin, suka samu jirgin ruwa da sauƙi, suka zaga ƙananan tsibirai, ta ga mikiya tana sure kifi daga ruwa. Ta yi ƙawa, wata 'yar Koriya da ita ma ba ta samun barci. A jirgin ne Gwaggo ta zauna a gaba da abayarta da rigar ceto ruwan lemo, tana tafa wa masu rawa tana gyara musu kari.

A hanyar dawowa suka shirya abin da za su faɗa: masauki mai tsabta, mutane masu ladabi. Gwaggo ta ce ai ba ƙarya a ciki, tunda ita ta sa aka share shi.

Ranar Juma'a bayan masallaci ana cin abinci a gidan Dauda, wayar Gwaggo ta yi ƙara. Hannunta duk mai, ta ce wa Dauda ya ɗaga mata. Ya danna, ashe kiran bidiyo ne, sai ga Tobiyas ba riga, ƙirji duk zane, bayansa wasu suna ɗaga kwalabe suna kiran "Mama Baraka." Tobiyas ya kawo tukunyar shayi kusa da wayar, yana so a ga ko ya sa citta daidai.

Dauda ya kife wayar a kan ledar cin abinci. Jawahir ta dubi shinkafarta kamar yau ta fara ganin shinkafa.

"Yaya, wane ne wannan?"

"Tobiyas ne. Ɗago shi, kada ya ƙona tukunyar mutane."

"A nan kuka sauka? Gidan giya kika kai min 'ya?"

"Ita ta kai ni. Kuma 'yarka ko ƙofar ɗaki ba ta leƙa bayan magariba, tana can ta toshe kunne da auduga. Ni ce dai na ɗan zaga."

"Kika zaga ina?"

"Inda ake bukatata. Yaran nan ba su da kowa, Dauda. Iyayensu sun sake su ba ko kanumfari."

Dauda ya juya kan Jawahir. Ta ce, a hankali, ita tun kwanan farko ta so su tashi. Dauda ya kalli yayarsa, wadda ta yi masa wanka yana yaro, ya rasa ta inda zai fara yi mata faɗa. A ƙarshe ya yanke hukunci cewa Jawahir ba za ta ƙara tafiya da Gwaggo ba.

Jawahir ta ce ta amince, da saurin da ya ba shi haushi.

Gwaggo ta goge hannu, ta ɗago wayar. Tobiyas yana nan yana jira. Ta leƙa tukunyar, ta girgiza kai, ta ɗaga masa yatsa alamar ya ƙara citta. Sannan ta ce wa Jawahir idan an gama cin abinci ta zauna ta nuna mata yadda ake kama masauki a waya, don bayan Hajji ita ma tana da hutu.