Suna Sittin da Uku, Waya Ɗaya

Kallamu yana cikin liƙa takarda ta uku a bangon ofis aka fizge ta daga hannunsa.

"Bar wani liƙawa, karanta mana," in ji Nababa, maƙwabcinsa a Unguwar Tsamiya tun suna yara. "Mun gaji da tsayuwa."

Tun hantsi manoma suka cika harabar ofishin noma na shiyya, wasu da kekuna, wasu da amalanke, kowa ya zo ɗaukar buhun takinsa na rangwame. An yi ruwa uku masu kyau, gero ya kai gwiwa, masara kuma ta fara rawaya. A kasuwar Minjibir buhu ɗaya a bana ya fi tunkiya tsada. Wanda bai samu na gwamnati ba sai dai ya zura wa gonarsa ido.

Kallamu ya karɓi takardar ya karanta har ƙasa. Babu sunan Nababa. Babu na Hure, bazawarar da ke noma gyaɗa a bayan maƙabarta. Mutanen ƙauyuka huɗu, kusan rabinsu babu.

"Ina sauran?" wani ya ɗaga murya daga baya.

"Abin da aka ba ni ke nan," in ji Kallamu.

"Wa ya ba ka? Ba kai ne mai kwamfutar ba?"

A da shi ne. Shekara goma sha huɗu yana riƙe da rajistar manoman shiyyar a wata tsohuwar kwamfuta mai ƙaton ƙeya, wadda sai an buga mata gefe take tashi. Ya san wane Sama'ilu ne na bakin rafi, wane ne ɗan mai unguwa. Amma watan jiya ma'aikatar ta ba wani kamfani kwangilar duk aikin kwamfutocinta. Suka zo da farar mota, suka kwashe bayanan, suka tafi da tsohuwar na'urar. Rajistar ta koma can wani wuri a intanet da Kallamu ba shi da mabuɗinsa. Aikinsa ya dawo karɓar takarda da liƙawa.

Ya kutsa cikin mutane ya shiga ofis, ya turo ƙofa. Shugaban ofishin, Alhaji Ja'afaru, yana zaune yana jan carbi. Kusa da shi Uwaisu ne, wakilin kamfanin, da katin aiki rataye a wuya, ya kafa ido a laftof.

"Malam Uwaisu, akwai kuskure a jerin nan. Mutane da yawa sun faɗi."

"Ba su faɗi ba, cire su aka yi," in ji Uwaisu, ko ɗagowa bai yi ba. "Tsarinmu mutum ɗaya, lambar waya ɗaya. In lamba ta maimaitu, sunayen bogi ne. A nan mun samu suna sittin da uku a kan lamba guda." Ya juyo da laftof ɗin. "Lambar wa ce wannan?"

Kallamu bai buƙaci ya matsa kusa ba. "Tawa ce."

"To ka gani."

"Ban ga komai ba. Lokacin da aka yi musu rajista ba su da waya, fom ɗin kuma ba ya wucewa sai da lamba. Na sa tawa. In saƙo ya zo, ni nake bi gida gida in faɗa musu. Ranka ya daɗe, kai ka ce a yi haka."

Alhaji Ja'afaru ya tsayar da carbin. "Ni? A rubuce na ba ka?"

"A kan kujerar nan kake zaune ka faɗa."

"Ban tuna ba, Kallamu. Kada ka jawo ni cikin abin da ban sani ba."

Wani ya daki ƙofa daga waje. Kallamu ya je ya yaye labulen taga. "Malam Uwaisu, taso ka leƙa. Ga su nan tsaye a rana. Nuna min na bogi a cikinsu."

"Ba leƙen taga aka ɗauke ni yi ba. Zan shigar da ƙorafi, ana amsawa cikin kwana goma na aiki."

"Masara ba ta san kwanan aiki ba! Nan da kwana goma ko an zuba mata takin an yi asara."

"Wannan matsalar ma'aikatarku ce. Mu bayanai muka karɓa, kuma a lalace muka same su." Uwaisu ya danna wani abu. "Rahoto a kanka ma ya isa hedikwata tun jiya. Na'ura ce ke turawa da kanta."

Sabuwar firinta ta yi ƙara a lungu, ta turo takarda. Alhaji Ja'afaru ya tashi ya ɗauko, ya sa hannu a tsaye, ya miƙa masa yana kallon bango. An dakatar da Kallamu Umara daga aiki har sai an gama bincike kan zargin cusa sunayen bogi. Kallamu ya lura ranar jiya ce a saman takardar. Ashe tun da safe, lokacin da Alhaji ya amsa gaisuwarsa har da tambayar iyali, ya riga ya sani.

Alhaji ya riga shi fita. Ya tsaya a kan dakali ya ɗaga hannu. "Jama'a, ku yi haƙuri! An gano inda matsalar take, kuma an dakatar da wanda ya jawo ta. Waɗanda sunansu ya fito su bi layi zuwa sito. Sauran za a neme ku."

Bai ce sata ba, amma abin da mutane suka ji ke nan. Kallamu yana fitowa hayaniya ta tashi. Wani ya ce dama ya ga sabon kwano a rufin gidansa. Wani ya ce shekara nawa ana ci da sunansu ba su sani ba. Aka jefo ɓawon rake ya same shi a kafaɗa.

Nababa ya tare masa hanya. "Nawa suka ba ka a kan sunana?"

"Nababa, ni da kai?"

"Ni da kai ɗin! Dama an faɗa mana, baƙo baƙo ne. Ku koma Barnonku ku yi a can."

Kallamu bai taɓa kwana a Barno ba. Kakansa ne ya zo fatauci daga can ya zauna, kabarin ubansa kuma yana jere da na uban Nababa. 

Hure ba ta ɗaga murya ba. Ta matso da buhun da ta ninke a hammata, ta dube shi. "Malam Kallamu, ranar rajistar nan na ce maka in ari lambar jikana da ke Kano. Kai ka ce in bari, taka ta isa."

Wannan ta fi ɓawon raken zafi, domin gaskiya ce.

A gindin darbejiya ya tarar an sace masa iskar tayoyin babur ɗinsa, gaba da baya. Ya tura shi ya fita, ana binsa da ihu har bakin titi. Ya yi tafiyar kusan kilomita biyu a tsakanin gonaki, gumi na shiga masa ido, kafin ya kai rumfar Tasi'u mai faci. Tasi'u ya dubi tayoyin, ya dubi fuskarsa, ya jawo famfo.

Yana zaune a benci wayarsa ta yi ƙara. Kafin ya ciro ta ta sake yi, ta kuma sake. Saƙonni ne daga kamfanin, kowanne da sunan mutum a sama. "Hure Mati, an dakatar da rajistarki. Ki zo ofis da kanki da katin shaida kafin ƙarfe goma sha biyun ranar Alhamis, in ba haka ba za a goge sunanki gaba ɗaya." Na gaba Sama'ilu na bakin rafi. Na gaba Nababa. Wayar ta yi ta rawa a tafinsa har ta ɗau zafi.

Yau Talata. Alhaji ya ce musu za a neme su, suna can sun koma gida suna jira. An kuwa neme su, ga shi nan a hannunsa, kuma duk duniya babu wanda ya sani sai shi.

"Lafiya wayar nan taka?" in ji Tasi'u.

"Lafiya."

Ya zaɓi saƙonnin duka, ya ɗora yatsa a kan wurin gogewa. Ba ma'aikaci ba ne yanzu, babu mai tuhumarsa. Gobe in ya bi gidajen nan, wasu ba za su amsa sallamarsa ba, wasu za su ce tsoro ne ya kawo shi. Ya daɗe a haka, Tasi'u yana ta buga famfo.

Can ya janye yatsan. "Tasi'u, kana da biro?"

Ya juya bayan takardar dakatarwar da ke aljihunsa, ya shiga kwafe sunayen ƙauye ƙauye, yana farawa da Gidan Kuka, mafi nisa, saboda man babur. Hure ya sa a farkon mutanen Unguwar Tsamiya. Da ya zo kan Nababa, wanda katanga ɗaya ce tsakanin gidajensu, sai ya tsallake shi ya ci gaba. Sai da ya gama sittin da biyu sannan ya rubuta shi can ƙasa, a gefen da takardar ta yage.

"Ƙara wa tayar baya iska," ya ce. "Hanyar Gidan Kuka zan bi, yashi gare ta."