Lambar da ta gagari Malam Abdurrahman

A duk Yalwawa, in aka zo rabon gado, zauren Malam Abdurrahman ake nufa. Shekara talatin yana fid da sumuni da sudusi bai taɓa kuskure ba, kuma ba ya bari kowa ya manta da hakan. Shi ya sa da 'yarsa Ruwaida ta kawo masa takardar shiga jami'a ya sa hannu, ya ga lissafi za ta karanta, sai ya ture takardar gefe.

"Shekara huɗu a kan lissafi? Zauna nan, kafin azumi na ƙarar miki da shi."

Ruwaida ta ji kamar ta fashe da kuka, don ranar Litinin za a rufe karɓar takardu. Amma ta san halin mahaifinta: roƙo ba ya juya shi, gardama kuwa ko yana cin abinci sai ya tanka. Ta ɗauko allo da tawada ta rubuta 2,147,483,647.

"Baba, a raba min wannan daidai wa daida, ba saura. Tsakanin mutum ko nawa ne, ban da ɗaya, ban da adadinta."

Malam ya yi dariya. "Ki dawo bayan la'asar."

Ya raba biyu, saura ɗaya. Ya raba uku, saura ɗaya. Bakwai, tara, sha ɗaya, ɗayan nan yana nan daram, ya ƙi tafiya. Washegari kokonsa ya huce a gefe, hannun rigarsa duk tawada. Inna Huseina, matarsa, ta leƙo ta ga allon.

"Malam, wai wane attajirin ne ya rasu ba mu ji ba?"

Bai ko ɗago kai ba.

Ranar Lahadi da hantsi ya kai casa'in da bakwai, ya aika aka kira Ruwaida.

"Saura nawa?"

"In haka za a bi, Baba, sai an wuce dubu arba'in da shida. Kuma ba ta rabuwa. Biyu ce aka jera sau talatin da ɗaya ana ninkawa, aka cire ɗaya. Ba mai raba ta sai ɗaya da ita kanta."

"Kin sani kika bar ni kwana uku! To wane marar aikin yi ne ya gwada dubu arba'in da shidan?"

"Ba sai an bi su ɗaya bayan ɗaya ba. Akwai hanyar tabbatarwa."

"Wace hanya?"

"Ban sani ba, Baba. Ban kai nan ba."

Malam ya daɗe yana kallon allon. Haushi yake ji, amma son sanin hanyar ya fi haushin ƙarfi.

"Miƙo min takardar da biro," ya ce. "In kin dawo hutu ni za ki fara koya wa. Kuma kada 'yan masallaci su ji."