Buhu Biyu na Gonar Gaji

Sau uku Fanta tana maimaita lissafin a waya, sau uku yana ba ta amsar da ba ta so.

Ƙungiyar manoma ta Gaya ce ta aiko ta Toranke bayan an kammala kaka, ta auna gonaki, ta gwada takin da kowa ya karɓa bashi da abin da ya girbe. Wanda bai kai dami goma a kan kowane buhu ba, za a cire sunansa daga rabon baɗi. Ga Malam Umara, dattijon da ya shimfiɗa mata tabarma ya sa aka dama mata fura, ya karɓi buhu shida, ya ce dami talatin da shida ya samu.

"Baba, ka tabbata?"

"Ga rumbun can, 'yata. Ki hau ki ƙirga, in zanenki zai bar ki."

Ta yi dariya, sai kuma ta tsaya. "Abin da ya shiga rumbu ka faɗa mini? To zakka fa?"

Ya dube ta kamar ta yi saɓo. "Huɗun da na fitar? Ai wannan ba nawa ba ne."

"Gonar ce dai ta haife su." Ta mai da shi arba'in. Duk da haka saura ashirin.

Suka tafi gona. Fanta ta bi iyaka da waya a hannu tana aunawa, shi kuma yana biye da ita a hankali. A kusurwar gabas ta ci birki. Gonar maƙwabta ƙarama ce, amma kututturan karan geronta jibga-jibga. Wata tsohuwa na zaune ƙarƙashin gawo tana ɗura wake a tsohon buhun taki, jikin buhun kuwa an rubuta 47 da jan fenti. Lambar Malam Umara ce a rajistar ƙungiya.

"Sannu da aiki, Iya. Wannan gonar bana ta yi kyau."

"Alhamdulillahi, dami ashirin da biyar!" in ji tsohuwar, Batula. "Allah ya saka wa ƙungiyarku. Tun rasuwar maigidana Gaji ban sa ran ganin taki ba, sai kawai na zo na tarar an zuba mini, ga buhunan biyu a yashe. Na ce ku ne ke tuna mu da mazanmu suka rasu."

Fanta ta juya. Malam Umara ya duƙufa yana cire wata ƙaya da babu ita a takalminsa.

Sai da suka yi nisa ya buɗe baki. "Tare aka yi mana kaciya da Gaji. Da ya kwanta ciwo bai roƙe ni komai ba, gonar kawai ya riƙa tambaya." Ya share fuska da hannun riga. "In cire ni za a yi, a cire. Amma kada Batula ta ji, ba za ta iya cin geron ba."

Fanta ta buɗe takardar ƙungiya ta sake karanta tambayar da ke ciki a hankali: duk gonar da aka zuba takin. Ba a ce gonar wa ba.

"Baba, jira ni nan."

Ta koma ta ce wa Batula ana auna gonakin yankin ne, ta zagaye iyakar tsaf, ta dawo tana haki. Gona ta biyu, buhu biyu, dami ashirin da biyar. Ta haɗa da arba'in ɗinsa: sittin da biyar.

"Yaya, na faɗi?"

"Ka wuce har da rarar biyar. Sai dai baɗi ka zuba mata uku, Baba. Ƙasarta ta fi taka karɓar taki."

"Ji 'yar nema!" Ya yi dariya har hularsa ta karkace. "Haka Gaji ya yi ta yi mini gori shekara arba'in."