Jajayen Bijimai Biyu

Shekara ashirin Atiku ya yi yana noma gonar gidansu a bakin ruwa, yamma da Wara, kuma a cikin shekarun nan ko fartanya Baba bai taɓa saya masa ba. Shanun huɗarsa ma, Fari da Wake, da guminsa ya same su. Suna 'yan maruƙa ya saye su, ya yi damina biyu yana horonsu har suka san tarinsa. Bai taɓa jin wani ya ce masa sannu ba, kuma bai damu ba, don duk garin an san cewa a gidan nan manomi ɗaya ne, shi ne Atiku.

Sai ga Bashir ya dawo.

Ƙaninsa ne, ɗan boko, akawu a Sakkwato. Da aka yanke Jihar Kebbi aka mayar da shi Birnin Kebbi, ya yi shekara guda ya ce zaman ofis ya ishe shi, noma zai yi. Noma! Mutumin da tafin hannunsa ya fi na amarya laushi. Ya sauko daga mota da akwati biyu, da takalmin roba mai kai wa gwiwa, da wani littafi mai hoton masara a bango. Wai a ciki zai ga yadda ake yi.

To, zo ka ga rawar jiki. Inna ta ba shi malafa da goran ruwa. Ladidi, matar Atikun kansa, ta ɗebo irin gero daga rumbun mijinta ta kai masa ba tare da ta tambaya ba. Maƙwabta wannan ya kawo lauje, wancan ya kawo magirbi, kai ka ce ango ake yi wa gudummawa. Atiku yana gefe yana kallo.

Abin da ya ƙarasa shi ya zo ne wata safiya a zaure. Baba, wanda idonsa ya soma rauni amma kansa garau, ya gyara zama ya ce, "Na sai da albasar da ke rumfa. Wanga yaro ba ya iya duƙe da garmar hannu, shanu za a saya mishi. Atiku, ka kai shi kara ta Yelwa, wurin sai da shanu, ran kasuwa, ka zaɓa mishi. Kai ka san shanu."

Albasar da ke rumfa! Wa ya yi wata huɗu yana jido ruwa daga tafki da ƙwarya yana shayar da ita? Wa rana ta gasa wa ƙeya? Abin ya ci wa Atiku rai. Kishi ne tsagwaronsa, ya san shi, bai ma yi ƙoƙarin canza masa suna ba. Shi da ya zauna ya rufa wa gida asiri ba a saya masa ko igiya ba, wanda ya tafi ya dawo hannu rabbana shi za a ɗora wa shanu. In Bashir ya yi damina ɗaya mai kyau, shi ke nan, sai a ce ai boko ma ya fi iya noma.

Ya ce, "To, Baba."

A kara, tun ba su gama shiga ba Bashir ya ja hannun rigarsa. "Yaya, dubi waɗancan! Wallahi kamar tagwaye."

Jajaye ne guda biyu, manya, masu tozo, gashi na sheƙi, an ɗaure su a turke ɗaya. Atiku ya zaga su. Ya buɗe baki ya duba haƙora, ya ɗaga kofato, ya danna bayansu. Lafiyayyu ne, horarru kuma. Sannan ya shafa wuyansu inda karkiya ke zama, nan take ya gane. Gashin ya cinye a gefe ɗaya ga kowannensu, kuma gefe iri ɗaya. Ba abokan aiki ba ne, daga gidaje biyu suka fito, dillali ne ya haɗa su don launinsu ya dace.

Duk wanda ya taɓa riƙe garmar shanu ya san wannan. San huɗa gefen da aka hore shi kaɗai ya sani. Na dama na dama ne, na hagu na hagu ne, in ka sauya masa wuri sai ya zama kamar bai taɓa ganin karkiya ba. Kafin ka sake koya masa sai an yi makonni, shuka ta wuce ka. Waɗannan kuwa duk biyun na dama ne.

Dillalin ya matso ya rage murya. "Malam Atiku, kai ba a ɓoye maka. Ga wani na hagu can, baƙin nan mai yagaggen kunne. Ba shi da kyan gani, amma ka haɗa shi da ɗaya daga cikin jajayen, ka gama."

Atiku ya dubi baƙin. San kirki ne, da shi zai saya wa kansa da bai ƙara taku ɗaya ba. Ya waiga ya ga Bashir yana shafa goshin ja yana washe baki, har ya fara raɗa masa suna.

"Yaya, ya ka gani? Sun yi?"

"Idonka ya iya zaɓe," in ji Atiku. "A kwance mana jajayen."

Da aka sauke su daga mota a gari, mutane suka yi dafifi. Inna ta rangaɗa guɗa. Baba bai fito ba, zazzaɓi ya kwantar da shi a makon nan, daga ɗaki ya sa albarka.

Ruwan shuka ya sauka ran wata Talata. Washegari da hantsi Bashir ya fito da takalminsa na roba da malafarsa, aka ɗaura wa jajayen karkiya a gonar da Baba ya yankar masa, gab da ta Atiku. Ya kama garma ya ce, "Mu je!"

Ina! Na dama ya miƙe, wanda aka sa a hagu ya karkato yana neman wurin da ya saba. Ya bangaji ɗan'uwansa, karkiya ta murɗe, garma ta yi tsalle ta fita daga ƙasa. Aka gyara, aka sake. A karo na uku sai suka juya gaba ɗaya suka fuskanci Bashir, igiya ta naɗe masa ƙafa, ya zube warwas a cikin laka. Masu wucewa suka tuntsire da dariya. Wani ya ɗaga murya ya ce, "Akawu, duba littafi mana!"

Atiku yana gonarsa, Fari da Wake na tafiya sumul, kunya na kwanciya a bayansa kamar an ja da zare. Ya ji daɗi. Kada a yi ƙarya, ya ji daɗi har cikin ƙashinsa, rabon da ya yi huɗa da nishaɗi irin na ranar har ya manta.

Kwana biyu ana haka. Yammacin rana ta biyu Bashir ya tsallako iyaka, tafin hannunsa duk igiya ta saɓule shi. Ya ce, "Yaya, ni ne ban iya ba. Shanun kirki ka saya min, ina neman lalata su. Don Allah in ka sami sarari ka nuna min."

Atiku ya ce sai ya gama tasa. Bai iya kallon hannun ba.

Rana ta uku Baba ya fito, yana dogara sanda, Inna na yi masa faɗa a baya bai kula ta ba. Ya isa gonar Bashir ya ce a tsayar da shanun. Bai tambayi kowa komai ba. Ya laluba wuyan na farko, ya laluba na biyu, ya daɗe hannunsa na kan na biyun. Sannan ya aiki Bashir gida ya ɗauko masa buta, ya ɗaga sanda ya yafito Atiku.

"Ka duba wuyansu a kara?"

Atiku ya waiga wajen Fari da Wake.

"Ina tambayarka. Ka duba?"

"Na duba, Baba."

Tsohon ya gyaɗa kai a hankali. "Na sani. Da wani na aika sai in ce kuskure ne, in kwana lafiya. Amma kai tun kana shekara sha biyar ba ka taɓa kuskuren sa ba. Duk ƙasar nan ba ni da kamarka a noma, shi ya sa na damƙa maka ƙanenka." Ya numfasa. "Wake na hagu ne. Kwanto shi ka kawo nan, ka ɗauki jan ɗaya ka haɗa da Fari. Kai ka iya horo."

"Baba, rabin gonata ban huɗe ba. In na tsaya horo shuka za ta..."

"Za ta wuce ka. Na sani."

Atiku ya koma gonarsa. Ya kwance karkiya. Wake ya biyo shi ba gardama, yana goga masa hanci a kafaɗa kamar kullum, Fari kuwa ya tsaya shi kaɗai a tsakiyar kunya yana kuka.

Daidai nan Bashir ya dawo da buta. Ya ga yayansa riƙe da igiyar Wake yana miƙo masa, ya dubi Baba, ya dubi san. Sai idonsa ya ciko. Ya ajiye butar ya durƙusa a cikin laka ya kama hannun Atiku da hannayensa biyu masu ciwo.

"Yaya, Waken naka? Sanka da ka rena da hannunka?" Ya juya wajen masu wucewa a hanya. "Jama'a, ku zo ku gani! Wa ke da ɗan'uwa irin nawa?"