Jarkar Kawu Zailani

Da hantsi Kawu Zailani ya iso Bebeji a kan babur, da wata jarka ruwan ɗorawa ɗaure a baya da roba. Bai jira a yi masa iso ba. Ya kwance ta, ya shige ɗakin gwajin ruwa, ya dire ta a kan teburin karɓar samfur.

Hamdiyya ce a bakin aiki. 'Yar ƙanwarsa ce, kuma a gidansa na Ɗansoshiya ta tashi bayan rasuwar mahaifinta. Ta cire safar hannu, ta zagayo ta durƙusa.

"Kawu, ina kwana? An zo lafiya? Ya su Inna?"

"Lafiya ba lau ba. Tashi ki auna min wannan."

Ta san maganar tun kafin ya fara. A saman rafin da yake ban-ruwan albasarsa an kafa injin gyaran shinkafa, kuma ruwan da ake jiƙa shinkafar da na wanke tukwane duk cikin rafin yake gangarowa. Tun farkon rani kifi ya fara tasowa ciki a sama. Shanun Ardo Mudi, makiyayin da ke maƙwabtaka da Kawu, sukan sunsuna ruwan su juya. Yanzu kuma ganyen albasar ya fara ƙonewa daga baki.

"Dagaci ya sa mana ranar zama da masu injin," in ji Kawu. "Takarda nake so mai hatimi, wadda za ta ce guba ce a ruwan nan."

Hamdiyya ta buɗe murfin. Warin ruɓaɓɓiyar dusa ya bugi hancinta, amma a ƙarƙashinsa akwai wani warin da duk ɗan manomi ya sani.

"Kawu, me ake zubawa a jarkar nan a da?"

"Maganin ciyawa. Na ɗauraye ta."

"Yaushe aka ɗebo ruwan?"

"Shekaranjiya. Tambayoyin na mene ne?"

Ta mayar da murfin a hankali. "Ka yi haƙuri, Kawu. Ba zan iya shigar da shi rajista ba. Ruwan da za a yi shaida da shi, a kwalbarmu ake ɗebo shi, a liƙe bakinta, a rubuta wurin da lokacin da sunan wanda ya ɗebo, a sa a ƙanƙara har ya iso nan. Wannan ya kwana biyu a zafi. In ma na auna na ga guba, za su ce daga jarkarka ta fito."

"Ƙarya na yi ke nan."

"Ban ce ba, Kawu."

"Kin ce mana. Ruwan da na tsuguna na ɗebo da hannuna, kina tambayata kamar ɓarawo a gaban alƙali." Ya dubi allon da ke bango, inda aka jera sunayen masana'antun da ɗakin yake auna wa ruwa. Bai yi boko mai nisa ba, amma ya gane tambarin buhun shinkafar. "Wancan fa? Ba su ba ne?"

"Su ne. Doka ce ta ce su riƙa kawo ruwansu ana aunawa."

"To na gane. Gidan da kike cin tuwo ke nan."

Hayaniyar ta fito da manaja, Malam Kamaluddeen, daga ofishinsa. Mutum ne da ba ya ɗaga murya, ba ya kuma sassauci. A bara sufetocin hukumar kula da muhalli sun kusa janye musu lasisi saboda wasu kwalabe da aka samu a firji ba sunan wanda ya karɓe su, tun daga nan ko harafi ɗaya ba ya yarda a goge a rajista. In an yi kuskure sai a ja layi ɗaya, a sa hannu a gefe. Ya gaida Kawu, ya saurare shi, sannan ya ce za su tura ma'aikaci ranar Alhamis ya ɗebo ruwan yadda ya dace.

"Ita za ta zo," in ji Kawu.

"Ba ita ba, Baba. Jininka ce. In ta ɗebo da hannunta, su ma za su ce da ita aka haɗa baki. Abokin aikinta Mujitaba zai zo. Abu ɗaya nake roƙo, kada kowa ya ji ranar."

Kawu ya fice ba sallama, ya bar jarkar a kan tebur.

Ranar Alhamis Mujitaba ya tafi da kwalabe da kula cike da ƙanƙara. Ya ɗebo a inda bututun injin yake zubowa, ya ɗebo a gefen gonar Kawu, Kawu da Ardo Mudi suka dangwala yatsa a matsayin shaidu. Da ya dawo bayan azahar, yana miƙa wa Hamdiyya kular ya ce, "Bututun a bushe na same shi. Ko ɗigo babu. Sun ce suna gyaran tukunya tun Talata. Kuma an sako ruwa daga madatsar da ke sama, rafin ya wanke tas."

Ta karɓa, ta duba liƙin kowace kwalba, ta rubuta lokaci, ta sa hannu. Gwajin ya ɗauki kwanaki, domin akwai wanda sai an bar ruwan a rufe an ga yawan iskar da ƙazantar cikinsa ta cinye. Da sakamakon ya fito, duk lambobin suna ƙasa da iyakar da doka ta sa. Ta sake lissafin, ta sake duba na'urar da ruwan gwaji na tabbatarwa. Haka dai.

Mahaifiyarta ta kira ta a waya kafin ta buga takardar.

"Hamdiyya, ke kin san ruwan nan ba lafiya gare shi ba. Kowa ya sani. Mene ne a ciki in kin rubuta gaskiya?"

"Umma, abin da na gani a kwalba shi zan rubuta."

"Kwalba ta fi Yaya ke nan? Mutumin da ya riƙe ki kamar 'yar cikinsa?"

"In na ƙara lamba ɗaya, akwai kwalbar ajiya ta wannan ruwan a firji. Za su kai ta Kano a sake aunawa. Daga ranar ba wanda zai ƙara yarda da takardar da ta fito daga nan, har wadda za ta taimaki Kawun gobe."

"Gobe," in ji Umma. "Albasar tasa za ta jira gobe?" Ta kashe wayar.

Hamdiyya ta zauna ta daɗe tana kallon na'urar buga takarda. A ƙasan shafin ta ƙara layi biyu da ƙa'ida ta yarda da su: cewa bututun ba ya zubar da ruwa a lokacin ɗiba, kuma sakamakon na wannan rana ce kaɗai. Sannan ta sa hannu, manaja ya buga hatimi.

An yi zaman a ƙofar gidan dagaci, aka ce mai gwajin ta zo ta yi bayani. Wakilin masu injin, wani Lawal mai farar shadda, ya karɓi takardar ya ɗaga ta sama yadda na baya za su gani.

"Ranka ya daɗe, ba mu muka kawo ta ba. Shi ya nema. Kuma ga sunan wadda ta sa hannu, 'yarsa ce. In 'yarsa ta ce ruwanmu lafiya lau, mu me za mu ƙara?"

"Ban ce lafiya lau ba," in ji Hamdiyya daga inda take durƙushe a gefe. "A karanta layin ƙasa. Ranar an rufe bututun."

"Gyara muke yi. Laifi ne mutum ya gyara tukunyarsa?"

Mutane suka fara guna-guni. Wani daga baya ya ce an sayar da su. Kawu ya miƙe tsaye, ya nuna ta da sanda.

"A tambaye ta wa ya gaya musu ranar. Ofishinsu ne kaɗai ya sani. Su suka buga waya, su suka ce a rufe."

Da ta yi shiru, da wataƙila maganar ta tsaya nan. Amma Mujitaba ya riga ya gaya mata abin da ya ji a bakin rafi, kuma ta kwana biyu tana haɗiye shi.

"Kawu, kai ka faɗa. A kasuwar Yako, a teburin mai shayi, ka ce ranar Alhamis za a zo a kama su. Direbobinsu a nan suke shan shayi."

Ardo Mudi ya sunkuyar da kai, domin yana wurin aka yi. Kawu ya dube ta kamar bai taɓa ganinta ba.

"Ni kike tsinkawa a gaban jama'a?"

"Ka ce mun ci amana, Kawu."

"Kin ci. Ko da ni na faɗa, ke ce za ki faɗa?" Ya juya ga dagaci. "Ranka ya daɗe, na janye ƙarata. Ba ni da 'ya a ofishin nan."

Dagaci ya yi ƙoƙarin tsayar da shi, bai tsaya ba. Lawal ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya yi godiya, ya shiga mota. Da Hamdiyya ta bi ta cikin gari za ta hau mota, matan da suka goya ta tana ƙarama suna tsaye a ƙofar gida, ba wadda ta amsa gaisuwarta. Ta zauna a kujerar baya ta ƙaramar bas, ta ja mayafi ta rufe fuska har Bebeji.

Bututun ya dawo aiki kafin mako ya zagayo.

Ardo Mudi ne ya zo ofis bayan haka, shi kaɗai, da sandarsa a kafaɗa. Bai zauna ba, bai kuma saki fuska ba.

"Ban zo don na yarda da ku ba," ya ce. "Saniyata ta zubar da ciki. Gaya min hanyar da takarda za ta kama su, tunda idonmu bai isa shaida ba."

Ta gaya masa. Ya kai ƙara hukumar kula da muhalli a rubuce, domin su ne ke da ikon shiga ba sanarwa. Ya nemi a ɗebo fiye da sau ɗaya, har da lakar ƙasan rafin. Ya nemi kada a kawo ruwan ɗakinsu, a kai wani wuri da ba ya aiki da masu injin. Kuma kada ya gaya wa kowa, ko ɗansa.

"Ko Zailani?"

"Ko shi."

Abin ya ja lokaci. Sai da Ardo ya yi ta zirga-zirga zuwa Kano, har aka fara yi masa dariya a ruga. Sufetocin sun zo ana gab da damina, da sassafe, bututun yana kwarara. Da suka nemi ganin tsoffin takardun injin, suka biyo ta Bebeji suka zauna da rajistar Malam Kamaluddeen wuni guda, suna bin kowace kwalba daga ɗiba zuwa hatimi. Ba su sami abin kamawa ba. Layin da Hamdiyya ta ƙara a ƙasan takarda ya shiga rahotonsu. Aka rufe injin har sai ya haƙa ramukan tace ruwa.

Amma albasar ta riga ta tafi. Abin da Kawu ya tono bai cika buhunan da ya tanada ba, kawunan albasar ƙanana ne, kuma suka ruɓe a rumbu. Ya ba da hayar fadamar, ya koma noman damina kaɗai.

Da Babbar Sallah Hamdiyya ta je Ɗansoshiya. Umma ta fara yi mata magana sama-sama, ita ce ma ta ce ta je ta gaida shi. Ta same shi a zaure yana gyaran igiya. Ta cire takalmi, ta durƙusa daga bakin ƙofa.

"Kawu, barka da Sallah."

"Barka kadai, ma'aikaciya."

"Na zo neman gafara a kan abin da na faɗa a gaban dagaci. Bai kamata na faɗa a can ba."

"A can." Bai ɗago ba. "Takardar fa?"

"Takardar ko yau aka kawo min ruwan, haka zan rubuta."

Ya ci gaba da murza igiyar a cinyarsa. Can ya ce, "An ce Mudi kika koya wa hanya. Kika ce kada ya gaya min."

"Haka ne."

"To ki je ki gaida Mudi."

Ta jira ko zai ƙara wani abu. Daga cikin gida ana ta daka, ƙanshin suya yana fitowa, ba wanda ya leƙo ya ce ta shigo. Ta ajiye ledar goro da turaren da ta kawo a gefen tabarma, ta yi masa sallama. Ya amsa ciki-ciki, idonsa a kan igiya. Ta sa takalminta ta nufi bakin titi, inda masu babur suke jiran fasinja.