Ƙwaron Ƙarni da Albasar Baba Tamu

Wanda ya fara kiran matsalar kwamfutar nan ta shigowar shekarar dubu biyu "ƙwaron ƙarni" a rediyo, Allah ya yafe masa, don saura ƙiris ya jawo wa Aliero asara. Ka ce wa manomin albasa ƙwaro na tafe, ai ba kwamfuta zai tuna ba.

A ƙarshen 1999 aka turo Saje Waliyyu wani ƙaramin sansanin soja kusa da Jega, ya duba ko na'urorin sadarwarsu za su rikice idan shekara ta juya dubu biyu. Da ya leƙa gida Aliero ranar Juma'a, sai ya tarar mahaifinsa, Baba Tamu, ya yi gayya za a tuge masa albasa washegari. Albasar da ko kai ba ta gama yi ba! Wahalar rani guda za ta tafi a banza.

"Baba, mi yay yi zahi?" in ji Waliyyu.

"Ba ka jiya ba? Ƙwaro na tahe ran sabuwar shekara. Mutanen Karaye can Maiyama har sun hwara tuge tasu. Gara rabi da babu."

"Ƙwaron ga cikin na'ura yake, Baba. Rikicin kwanan wata na, ba shi cin ganye."

"Ƙwaron da yash shiga ƙarhe, ganye zai gagare shi?"

Haushi ya kama Waliyyu, ga dariya, ga tausayi. Ya roƙi tsohon ya ɗaga gayyar, ya kuma nemi izinin ogansa ya kawo shi sansani ya gani da idonsa. Da hantsin Asabar sai ga Baba Tamu a ƙofar sansani, goye da famfon feshi cike da magani. Sojoji suka sha fama kafin ya yarda ya ajiye shi waje.

Waliyyu ya riga ya gyara na'urar, amma bai gwada ba tukuna. Rana tsaka ya tura agogonta zuwa mintin ƙarshe na Disamba. Ya san in ta ɗauke, kafin la'asar babu sauran albasa a ƙasa.

Lambobin suka juya. Dubu biyu ta fito ɓaro-ɓaro. Ya kira wani sansanin, aka amsa masa tangaran, sojoji suka kaure da sowa.

"To, ina ƙwaron?" in ji Baba Tamu yana leƙen bayan akwatin.

Waliyyu ya buɗe baki zai sake bayani, sai ya fasa. "Ya mutu, Baba."

Albasa ta zauna a ƙasa har ta nuna. Ranar da aka sauke ta a kasuwar Aliero, kowace kamar dunƙulen hannu, dillalai suka yi masa caa suna tambayar wane magani ya fesa. Baba Tamu ya gyara zaman hula, ya nuna ɗansa da ke tsaye cikin kaki.

"Magani? Ga shi nan tsaye. Da yatsa guda yak kashe shi, ina kallo."